Akwatin da Iya Dela Ta Ƙi Cikewa

"Lafiya lau muka kwana, da yake ba a gidan ka kwana ba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, tsohuwa. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi kwana huɗun nan da ban sa ka a ido ba. Yanzu da ka shigo ga kan ya fara sarawa."

Falalu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa kamar yadda jika ke yi wa kakarsa, ya gama gaisuwar tsaf bai rage komai ba. Daga nan kuma ladabi ya ƙare. Ya miƙe ya haye bakin gadon Iya Dela, wurin da ta hana kowa zama, ya ɗora faffaɗar wayar nan ta ofis a kan cinyarsa. Hantsin Asabar ne, tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, tun kafin ya zauna kuwa ya lura ƙafafunta sun tasa. Abin da ya kawo shi ke nan. Maganinta na hawan jini ya ƙare tun ranar Talata, ta kuma ce ita da asibiti sun yi sallama.

Asibitin ƙarami ne, a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Roni, Falalu kuwa shi ne mai yankan kati. Bai karanci kwamfuta ba, ko kusa. A Kazaure ya tashi a gaban mahaifinsa, aiki ne ya dawo da shi garin kakanninsa bara. Da ya ga gara ta cinye rabin katunan da ke cikin kabad, sai ya samo irin manhajar nan da ake harhaɗa wata manhajar da ita ba sai an iya yaren kwamfuta ba. Kai dai ka jawo akwati da yatsa ka ajiye, ka ce wannan na suna ne, wannan na shekaru, wannan na unguwa. Mako uku yana kallon bidiyo yana gwadawa yana ɓatawa, har abu ya tashi ya tsaya da ƙafafunsa. Sista Dorkas, shugabar asibitin, ta ba shi izinin gwaji. Kwanakin farko komai ya tafi daidai, har tafiyarsa ta canza, yana shiga ofis yana ɗaga kafaɗa.

Ranar Talata ya tafi Kazaure ɗauko alluran rigakafi, ya bar wa Zubaida wayar, wata sabuwar ma'aikaciya 'yar Babura. Kafin ya dawo Iya Dela ta tashi daga layi ta fice, tsofaffi shida suka rufa mata baya, tun daga ranar babu tsohuwar da ta sake leƙowa. Sista Dorkas ba ta da dogon zance. Ta ce in Litinin ta yi matan ba su dawo ba, a koma wa kati, gara ta ci abin da za ta ci. Magani kuma ba ta ba da shi a saƙo, sai ta auna mutum da hannunta.

Shi dai a ganin Falalu, tsoron na'ura ne kawai irin na mutanen da.

"Labari ya iske ni," ya ce yana ɗaukar gyaɗarta ba tare da an yi masa tayi ba. "An ce da waya ta kawo haske kika ce aljani ne, kika zura da gudu har kika bar takalmi ɗaya."

"Wanda ya ba ka labarin ya kawo takalmin mana. Ni da na ga zuwan rediyo garin nan, na ga zuwan injin niƙa, na ga zuwanka da wannan kan naka, duk ban gudu ba, sai ɗan allon gilashi ne zai kore ni?"

"Kan nan da kike gani shi ya haɗa abin da ake zancensa har Dutse."

"Ashe a Dutse ma akwai marasa aikin yi. Kan da ungozoma ta gani ta ce a nemo mata mutum biyu su taya ta."

"Ke dai ki gode wa Allah da na rufa miki asiri na aure ki. Rana ɗaya aka haife ku da duwatsun Roni, su ma kin riga su da sallar asuba."

"Wane aure? Miji ne kai ko baƙon Asabar? Ka shigo hannu na dukan cinya, ka zauna mini a gado, kana ci mini gyaɗa."

Haka suka yi ta yi. Ya ce zai sake ta ya auro mai haƙora, ta ce ya yi sauri don manema na nan a layi, har da wani mai shanu daga Gwiwa da ke aiko mata da nono. Ta ce a zamaninta da ƙafa take zuwa kasuwar Babura da buhun gero a ka, ta dawo ta tuƙa tuwon mutum talatin kafin magariba. Ya ce bara da ta ba shi labarin rabin buhu ne, bana ya cika, in Allah Ya kai mu baɗi zai zama biyu da jaki a sama. Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, ya goce.

Amma idonsa na komawa kan ƙafafun. Da ta lura sai ta ja zani ta rufe su, wannan ne kuma ya tsorata shi. Ya san abin da hawan jini ke yi wa tsoho in an yi masa sakaci, ya sha ganin an kawo su asibiti a tsakiyar mutum biyu a kan babur, baki ya karkace. Bai nuna mata ba, don in ta ga tsoro a fuskarsa sai ta ƙara taurin kai. Sai ya ce ta matso ya gwada mata a nan cikin ɗakinta, ta ga babu abin da ke cizo a ciki.

Ya kunna. Ya tambayi suna, ta ce in bai san sunan matarsa ba ya tashi ya ba ta wuri. Ya rubuta. Ya tambayi shekaru, ta ce ashirin da biyar, ya ce lissafin haƙoran da suka zube bai tambaya ba, ya rubuta saba'in da takwas. Ya tambayi unguwa, ta faɗa.

"Sunan miji."

"Falalu."

"Ba wasa nake yi ba, Iya."

"Ashe ka san auren wasa ne, kake ci mini gyaɗa da gaske."

Ya danna don ya wuce, akwatin ya yi ja ya ƙi motsi. Ya juyo mata da wayar yana bayani da 'yar fahariyarsa. Ya nuna mata ɗan jan tauraron da ke gefen akwatin, ya ce shi da kansa ya sa shi, ma'anarsa dole ne a cike kafin a wuce. Ya ce Hauwa'u goma sha ɗaya ce a unguwa guda, in ba da sunan miji ba ta yaya za a bambance su, kar a ba wata maganin wata. Ya ce na ƙasansa ma akwai tauraro, sunan babban ɗa, wanda za a nema in wani abu ya taso. Yana cikin magana ya ga ta ajiye gyaɗar hannunta a faranti.

"Au, kai ka sa taurarin?"

"Ni kuwa."

"Da ina zagin Turawa. Ashe a gida abin yake."

Sannan ta ba shi labarin Talata, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani can. Ta ce yarinyar nan ta Babura tana da kirki, ta gaishe ta har ƙasa. Da aka zo kan wannan akwatin ta tambaye ta, ita kuma ta yi shiru. Yarinya ta sake tambaya, ta sake yin shiru. Sai yarinyar ta ɗauka kunne ne ya yi nauyi, ta ɗaga murya har masu jira a ƙarƙashin darbejiya suna ji. Da abin ya ƙi, ta ce to Iya ta yi haƙuri ta faɗi sunan ɗanta na fari, wai na'urar ba ta wucewa sai da shi. A nan ne ta gyara mayafinta ta tashi.

"Shekara hamsin da biyu na zauna da kakanka ban taɓa kama sunansa ba," ta ce. "Ya rasu shekara tara ke nan, ban fara ba. Wancan na Kazaure kuwa, ubanka, tun da kake ka taɓa jin sunansa a bakina?"

Falalu ya tuna baya. Bai taɓa ji ba. Tun yana yaro haka take cewa, wancan na Kazaure, shi kuwa ya saba da jin haka har ya daina lura. Ya san kunyar miji, ya san kunyar ɗan fari, wane Bahaushe ne bai sani ba. Amma ranar da yake zaune yana jera akwatuna ko kusa abin bai faɗo masa ba, hankalinsa na kan Hauwa'u goma sha ɗaya. Kunya ta rufe shi sosai. Sai dai jika ba ya miƙa wa kaka wuya da arha haka.

"Ai wannan tsohon yayi ne. 'Yan matan yanzu suna zuwa su faɗa garau, wata ma har da lambar waya."

"Su je su faɗa a lasifikar masallaci in sun so. Ni ban ce su bari ba."

"To katunan Malam Salisu fa? Kafin ya yi ritaya shekara talatin yana yankan kati a asibitin nan. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ba sunan miji a jiki. Har naki na da. Wa ya gaya masa in ba ku ba?"

Dariya ta kama ta har da tari, sai da ya miƙa mata ruwa. Da ta lafa ta ce duk girman kan nan ashe iska ce a ciki. Ta ce Salisu bai taɓa tambayar mace sunan mijinta ba. Unguwa kawai yake tambaya. In ta faɗa, sai shi ya fara kirawo gidajen unguwar da bakinsa, gidan wane ne, gidan wane ne. In ba shi ba ne ta ce a'a. In ya kira daidai sai ta sunkuyar da kai, shi kuma ya duƙa ya rubuta, kowa ya tashi da mutuncinsa.

"Mutumin da ko keke bai iya hawa ba," ta ce. "Kai ga ka da allon gilashi."

"To kawo in cike miki da kaina. Na san sunayen duka biyu, ba sai kin ce uffan ba. Litinin ki je kawai a auna ki."

"Sauran shidan fa? Kowace tana da jika mai ƙaton kai a asibiti? Tare muka tashi, ba zan zagaya ta baya in karɓo magani in bar su ba. Ka gyara abinka, ko ka bar ni da ƙafafuna."

Ya san ta. In ta ce haka, ko wancan na Kazaure ya zo da mota ba zai ɗaga ta ba. Ya zuba wa wayar ido, yana juya abin da ta faɗa game da Malam Salisu. Can sai ya buɗe ɓangaren da ake gyara, inda akwatunan suke jere kamar kwanuka a kabad. Ya taɓa jan tauraron ya cire, ya cire na ƙasan ma. Ya mayar da akwatin sunan miji daga wanda ake rubutawa zuwa wanda ake zaɓa daga jeri. Sunayen kuwa yana da su, don duk katunan da suka tsira daga gara ya riga ya kwafe su ciki, aikin Malam Salisu na shekara talatin. Ya haɗa akwatin da su. Da ya zo adanawa sabis ya ɗauke, dole ya fita tsakar gida ya tsaya gefen rumbu da hannu a sama.

"Haka ake haɗa ta?" ta ce daga cikin ɗaki. "Da ka gaya mini aikin korar shaho ne, da na ba ka tsaron 'yan tsakina tuntuni."

"Ki bari in gama, in an ba ni kujera a Dutse da ke zan tafi."

"In je in yi maka me, in riƙe maka hannun?"

Ya dawo ya zauna, wannan karon a ƙasa kusa da ita, ya ce a sake daga farko. Da aka zo kan akwatin ya danna, jeri ya zubo. Ya fara karantawa, ya kira biyar, ya kira goma, ta ce duk waɗannan mutanen ƙauyen gaba ne. Ya duba, ashe gaba ɗaya magidantan ƙauyuka bakwai ya jawo, ɗari huɗu da wani abu. Ta ce ya ci gaba a hankali, kafin ya iso unguwarsu an yi mata sadakar arba'in, ya huta da neman magani. Bai ji daɗin wannan wasan ba, ya kuma gaya mata. Ya koma ciki ya yi ta lalube, ya ɓata sau biyu, sannan ya gano inda ake cewa jerin ya bi unguwar da aka zaɓa. Ya sake fita gefen rumbu, ya sake dawowa. Yanzu gida goma sha huɗu ne kacal.

"To amarya, ki natsu. Gidan Alhaji Sabiru ne?"

"Allah Ya kiyaye. Gidan da ake ƙirga ƙwayar barkono kafin a sa a miya."

"Gidan Garba Wanzami?"

"Ya nema, ban ba shi fuska ba. Ka tambayi kowa."

"Ba wanda ya rage da rai da zan tambaya. Gidan Malam Idi na Bakin Rijiya?"

"Wannan a gabana aka yaye shi. Wuce."

"Gidan Malam Sama'ilu?"

 Matar da tun shigowarsa bakinta bai huta ba, ta sunkuyar da kai tana kallon farantin gyaɗa, ta kai hannu ta ja bakin ɗankwalinta.  Sai a lokacin Falalu ya tuna an daɗe ba a kira sunan nan a cikin ɗakin nan ba, don 'ya'ya Baba suke cewa, jikoki su ce Malam, maƙwabta su ce marigayi. Ya ɗora yatsa a kan sunan ya zaɓa.

"Wanda za a nema in da buƙata," ya ce a hankali. "Muhammadu Lawal ne?"

Ta juyar da fuska wajen bango. "Ka wuce mana, ka tsaya kana kallon mutane."

Ya danna, wayar ta wuce ba gardama, ta nuna an adana. Ya ce shi ke nan, an gama, ba sauran tambaya. Ya ce wadda gidansu ba ya cikin jerin ma za a iya barin wurin haka nan, a tambayi 'yar rakiyarta ko mai unguwa daga baya. Zai nuna wa Zubaida tun da sassafe ranar Litinin kafin a buɗe ƙofa.

 Iya Dela ta miƙo hannu.

"Nuna mini inda yake."

"Wa?"

"Wanda ka zaɓa. Na farkon."

Ya matso da wayar, ya nuna mata layin da ɗan yatsa. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta kanne ido ta daɗe tana kallo, har hasken ya dushe ya sake taɓawa ya dawo.

"Iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

"Mutum dogo haka, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan, ashe sunan nasa bai kai tsawon yatsana ba." Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hasken abin ne ke sa mata hawaye. "Naka fa, ina yake?"

Ya nuna mata can ƙasa, inda aka rubuta sunan ma'aikacin da ya cike.

"Ka gani. Ko a nan ya fi ka."

"Na yarda ya fi ni, tsohuwa. Za ki zo ko ba za ki zo ba?"

Ta yi dariya, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo wata 'yar ƙwarya mai faifai a kai. Ƙwan zabi ne a ciki. Ta ƙirgo uku ta zuba masa a tafin hannu, ta ce biyu nasa, ɗaya na allon, don shi ya fi saurin jin magana.

"Litinin ka ajiye mana benci na gaba," ta ce. "Mu bakwai ne. Bari in sa mayafi in je in gaya musu, kai kuma ka riƙe ni mu tsallake kwatar ƙofar gida, ƙafar ba ta ɗaguwa sosai."